Ribas ɗin Ba-Kuskure

Ba-Kuskure shi ya raɗa wa kansa sunan, don da mutanen unguwa aka bar wa zaɓi, da wani abu daban za su kira shi. Direba ne, wannan kam ba mai ja. Ya tuƙa motar haya, ya tuƙa ta yashi, ya tuƙa ta raba lemo, kuma duk inda ya baro sai ka tarar da mai motar tsaye a garejin gyara ya riƙe ƙugu. In ka tambaye shi sai ya ce hassada ce. Ko bango ne ya matso, ko falwaya ce aka dasa ba bisa ƙa'ida ba.

Da aiki ya yanke sai ya koma waya. Ya samu wata manhaja da ake hawa kai-tsaye, wato laif, ka buɗe kyamara duniya na kallonka. Kullum yana kan kujera a tsakar gida, ya riƙe murfin tukunya a matsayin sitiyari, yana koya wa al'umma tuƙi. Masu kallonsa ba su cika yatsun hannu biyu ba, cikinsu har da matarsa, wadda ke shiga don ta rubuta masa ya dawo mata da murfinta.

Matar tasa, Maman Biyu, ta gaji. Ta wanke ƙafa ta tafi wajen mahaifinta, ta yi kuka har da majina. Baba Mai Tanka kuwa tankar ruwa ɗaya ya mallaka a duniya, da hannunsa yake goge ta, ko jikokinsa ba ya bari su jingina da ita. Ya aika aka kira surukin nasa.

"Gobe za ka kai ruwa gidan wankin nan na ƙarshen matsattsen layi," in ji shi. "Ba wurin juyawa, da baya ake shiga. Ka shiga ka fito ba ƙwarzane, makulli ya zama naka. Ka goge mata ko fenti, to kai da tuƙi a gidan nan sai dai baro."

"Baba, ai ribas ni aka haifa da shi."

"Ban tambaye ka ba. Kawu zai bi ka."

Kawu Taho-taho ƙanen surukar Ba-Kuskure ne. Tun yana saurayi yake bin manyan motoci, aikinsa ya tsaya a baya yana dukan jikin mota yana cewa taho, taho, har sunan ya bi shi, har furfura ta cika masa kai. Mutum ne mai zuciya, abu kaɗan ya isa ya yi fushi na mako.

Washegari da hantsi tanka ta tsaya a bakin layin, cike fal da ruwa. Maman Biyu ma ta biyo su, wai don idonta ya zama birki na biyu. Ba-Kuskure ya diro, ya dubi layin: mai sayar da robobi a farko, shagon tela a tsakiya, mai aski a gaba kaɗan, can ƙurya kuma ƙofar gidan wanki. Ya yi murmushi irin na wanda ya kwana da shiri.

"Kawu, samu benci ka zauna. Yau hutu gare ka."

"Wa zai duba maka baya?"

"Duniya."

Ya zaro salatef daga aljihu. Motocin zamani, in ji shi, kyamara gare su a baya, direba na zaune yana ganin komai. To shi tasa ta fi tasu, don da jama'a a cikinta. Zai manna wayarsa a bayan tanka, saman famfon da ake ɗaura tiyo, ya hau laif. Shi kuma ya zauna a gaba yana kallon laif ɗin a wayar Maman Biyu. Ga ido a baya, ga mabiya na ƙaruwa, ga Baba yana gani daga gida ba sai an ba shi labari ba.

"Baban Biyu, don girman Allah ka bar Kawu ya yi aikinsa," in ji Maman Biyu. "Yau ɗaya dai."

"Kawo wayar."

"Na biyo ka don kada ka yi wani abu, ka kuwa yi shi tun ban sauke numfashi ba."

"Ke ba ki san kimiyya ba. Kawo."

Ta ba shi, tana ji kamar ta fasa ihu. Ya tura wa surukinsa hanyar shiga laif ɗin, sannan ya juya kan Kawu.

"Kai kuma ko tari kada ka yi. Kalma ɗaya ta fito daga bakinka, mutane za su ce kai ka tuƙa."

Kawu ya dube shi daga sama har ƙasa. Ya ja bencin mai robobi ya zauna, ya harɗe ƙafa.

"Na ji. Wallahi ko wuta ce ta kama tayarka, ba za ka ji daga bakina ba."

Don a tabbatar ba algus, Ba-Kuskure ya naɗe madubin dama da na hagu, ya ɗaure su da tsumma. Ya tsaya gaban wayar da ya manna, ya gyara wuyan riga, ya yi jawabi. Ya gaishe da masoya na gida da na waje, ya yi wa maƙiya fatan tsawon rai don su ga abin da zai faru, ya sanar cewa yau za a rufe babin karen mota a tarihin tuƙi. Sannan ya zaga da gudu ya haye gaba, ya jingina wayar matarsa a kan sitiyari.

Sai ga shi a cikin wayar, tsaye a bayan tanka, yana nan yana jawabi.

Wani zai tsaya ya yi tunani. Ba-Kuskure kuwa daɗi ya ji. Ya leƙo ta taga ya ce, "Maman Biyu, kin gani? Na gama magana, amma manhajar ba ta ƙoshi da ni ba."

Ya sa giya, tanka ta fara ja da baya, sumul. Gaskiya dai farkon ya yi kyau, har wani mai wucewa ya ce madalla. A waya hanya fes, robobi na can nesa an jera su gwanin sha'awa, bokitai a kan bokitai, baho a kan baho. Yana cikin yaba kyan hoton sai ya ji ƙaras, ƙaras, ƙuruus, sannan wata murya ta tsaga layin.

"Wayyo jarina! Jama'a, ya kashe ni!"

Ya taka birki ya sauko da wayar a hannu. Mai Robobi ta ɗora hannu a ka, tayar baya na zaune daram a kan bokitanta.

"Lafiya, Hajiya?"

"Lafiyar uwaka! Ba ka ga abin da ka yi ba?"

"Ni? Duba nan." Ya miƙa mata wayar. "Ga robobinki nan lafiya lau. Ko ƙura ba ta taɓa su ba."

Ta duba. Ga su kuwa a jere. Ta dubi ƙasa, ga su a mitsitstsike. Ta sake duba wayar. Suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, sai hoton ya matso, ya matso, bokitan suka cika fuskar wayar, ƙaras, ƙaras, har da ihunta.

"Yawwa!" in ji Ba-Kuskure. "Yanzu ne aka take su. Kowa shaida ne. Ni kuma ina ina? Ina tsaye a nan tare da ke. To wa ya take su?"

Mai Robobi ta sake duba bokitanta. Ta juya wajen Kawu.

"Malam, kai da ke zaune a kan bencina, ba ka gani ba?"

Kawu ya nuna bakinsa, ya girgiza kai.

Kafin ta dawo hayyacinta Ba-Kuskure ya koma mota, don ya hango abin da ya fi robobi muhimmanci. Masu kallo sun haura ɗari. Zukata na ta tashi a gefen wayar, sharhi na ta zuba. Wani mai kiran kansa Ɗan Ƙwalisa ya rubuta, "Tsaya! Tsaya! Akwai kaya a baya!"

"Kun ji amfanin jama'a," in ji Ba-Kuskure, ya danna birki da ƙarfi a tsakiyar fili inda ko kaza babu. Ruwan cikin tanka ya yi tangal-tangal. Ya jira. Can sai wata Anti Sharhi ta rubuta, "Yanzu ba komai, taho abinka."

Ya taho abinsa, kai tsaye cikin rumfar Tela.

Kwanon rumfa ya yi ƙara ya durƙusa. Tela ya yi tsalle ya fito ta taga, tef a wuya, almakashi a hannu. Mutum-mutumin roba da yake rataya wa ɗinki a ƙofar shago, sanye da sabuwar rigar wani mai ɗaurin aure, ya kife ƙarƙashin tanka, kansa ya cire ya gangara kwata.

"Kai wane irin mahaukaci ne?" in ji Tela.

"Yi a hankali da bakinka, kana laif."

"Ina laif? Ina rumfata?"

"Rumfarka tana nan. In ba ka yarda ba zo ka gani."

"Kada ka duba!" Mai Robobi ta ƙwalo daga baya. "Haka ya yi mini. In ka duba sai ka rasa mai laifi."

A daidai nan hoton ya iso wajen masu kallo. Suka ga mutum cikin sabuwar riga ya faɗi, suka ga kai yana gangarawa. Sai salati ya ɓarke a cikin sharhi. Wannan ya rubuta innalillahi, wancan ya ce ya san mamacin, mutumin kirki ne, tare suka yi makaranta. Wata ta tambayi lokacin jana'iza. Kafin ka ce me, masu kallo sun shiga dubbai. Ba-Kuskure ya ga lambar tana hawa, ƙwalla ta cika masa ido. Tun da yake bai taɓa ganin ƙauna irin wannan ba.

"Baban Biyu, sauko," in ji Maman Biyu, ta kama ƙofar motar. "Sauko haka nan. Mota dai ba ta ƙwarzanu sosai ba, Kawu ya ƙarasa da kai, in je in roƙi Baba."

"In sauka? Mutum dubu nawa ke jirana? Matsa kada in take ki, ki ce ni ne."

Zuwa lokacin labari ya zaga layin, kowa ya zaro wayarsa ya shiga laif ɗin. Abin takaici, maimakon su dubi tankar da ke gabansu ƙatuwa guda, sai kowa ya sunkuyar da kai kan waya. Layin gaba ɗaya ya koma ganin abu sai bayan ya faru. Tanka ta wuce shagon aski, ta shafe bokitin tawul, ta tafi da allon da aka zana kawuna a jiki, ba wanda ya motsa. Sai da ta yi nisa sannan Mai Aski ya ga tana tunkaro shi a waya. Ya kurma ihu, ya yar da injin aski, ya fito a guje, wanda ake yi wa askin ya biyo shi da rabin kai da zane a wuya. Suka yi karo da Tela a inda ba mota ba dalilinta, su uku suka zube.

Wannan faɗuwar ce Ba-Kuskure ya gani da idonsa ta gilashin gaba, alhali a waya Mai Aski na nan zaune a shagonsa lafiya. Ya dubi titi, ya dubi waya. Sai ya daki sitiyari.

"Na gano! Jama'a, na gano! Hoton ne ke makara!"

"Sai yanzu?" in ji layin gaba ɗaya.

"Ba laifina ba ne, na fi shi sauri ne. To ga magani. In matsa kaɗan, in tsaya, in jira shi ya iso. Mai gaggawa shi ke jiran na baya."

Abin haushi, dabarar ta yi aiki. Ya matsa, ya tsaya, hoto ya iso. Ya matsa, ya tsaya, hoto ya iso. Har Maman Biyu ta fara sauke ajiyar zuciya, tana lissafin yadda za ta shafa wa ƙwarzanen toka kafin Baba ya gani. A wayar ga ƙofar gidan wanki can nesa, ga Mai Wanki ɗan ƙarami a tsaye, ya ɗaga hannu ɗaya yana gaisuwa.

To ƙarshen layin nan dogayen gine-gine ne hagu da dama, wurin da sabis ba ya shiga sai da rakiya. Tanka na kutsa kai, hoto ya daskare.

Ba-Kuskure ya matsa, ya tsaya, ya jira. Mai Wanki na nan inda yake, hannu a sama.

"Au, ashe ban ma motsa ba."

Ya ƙara matsawa. Ya jira. Mai Wanki ko gezau.

"Wannan layi akwai tsawo. Ga bawan Allah ma sai kirana yake, hannunsa har ya gaji."

Ya ƙara wuta.

Mai Wanki na gaske kuwa, ba na waya ba, ya daɗe da sauke hannun gaisuwa. Hannu biyu yake kaɗawa yana tsalle, ƙarar inji ta danne muryarsa. Maman Biyu ta ga tazarar da ta rage, ta ruga wajen Kawu, wanda ya biyo su da bencinsa don kada komai ya wuce shi.

"Kawu, yi magana! Muryarka kaɗai yake ji ta cikin inji! Kawu, don Allah!"

Kawu ya nuna bakinsa.

"Kawu, motar Baba ce!"

Nan ya ɗan yi laushi. Ya laluba aljihu ya zaro wayarsa, ya sa tabarau, ya shiga laif ɗin. Ya fara rubutu da yatsa ɗaya, yana neman kowane harafi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

"Me kake yi?"

Ya ga dole ya amsa wannan, ya ce ƙasa-ƙasa, "An ce kada in yi magana. Ba a ce kada in rubuta ba. Ina harafin tsa yake?"

Gaaram!

Ƙofar ƙarfen gidan wanki ta tashi daga ginshiƙanta ta kwanta. Tanka ta hau kanta ta wuce, ta kwashi igiyoyin shanya da duk abin da ke kansu, ta je ta daki bakin rijiyar da za a zuba ruwan. Famfon baya ya karye tun daga gindi. Ruwa ya yi tsiri, ya fizge wayar Ba-Kuskure da salatef ɗinta, ya wurga ta cikin bahon kumfa. Zannuwan gado, riguna, wandunan mutane, labulen wani otel, duk suka kama hanya suka fito layi suna iyo. Mai Wanki ya dafe bango, ruwa har gwiwa, yana kallon aikin mako guda yana wuce shi. Kan mutum-mutumin Tela ya taso daga kwata ya bi sahu.

Ba-Kuskure ya buɗe ƙofa ya diro cikin ruwa, wani ɗan kamfai ya naɗe masa a ƙafa. Ya zaga baya. Fitilu sun fashe, bamba ta lanƙwashe, bayan tankar ya lotsa ciki. Jama'a suka kewaye shi, kowa da ƙararsa a baki. Ya ɗaga wayar matarsa don ya nuna musu Mai Wanki na nan lafiya yana ɗaga hannu, sai ga saƙon Kawu ya shigo: "Tsaya."

Sai wayar ta yi ƙara. Baba.

Maman Biyu ta dafe ƙirji. Ba-Kuskure ya ɗauka, yatsansa ya danna lasifika ba da niyya ba.

"Ɗan albarka!" in ji Baba Mai Tanka, murya cike da fara'a. "Kai, ka ba ni mamaki!"

"Na'am, Baba?"

"Baƙi na yi, sai na tsayar da abin. Yanzu na ci gaba daga inda na tsaya, ga mu nan mun taru muna kallo. Jawabin ya yi tsawo, amma shigar nan da ka yi bakin layi, sumul! Na ce musu surukina ne. Na zalunce ka a zuciyata, ka yafe ni. Ba sai na jira ƙarshe ba, makulli ya zama naka."

Ba-Kuskure ya gyara tsayuwa. Ruwa na ta ambaliya ta tsakanin ƙafafunsa.

"Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma. Baba, ai nan ne ƙarshen shirin. Sauran duk talla ce, kashe kawai kada datarka ta ƙare."

"Haba, ina! Ga wasu robobi nan an jera a gefe, bari mu ga yadda za ka kauce musu. Sai na kira ka."

Ya kashe.

Ba-Kuskure ya juya wajen matarsa, ya gyara wuyan rigarsa da ta jiƙe sharkaf.

"Kin dai ji da kunnenki. Ya ba ni motar."

"Na ji," in ji Maman Biyu, hawaye na zuba, dariya na neman ƙwace mata. "Maza je ka more ta kafin ya kai shagon Tela."

Ya kuwa tafi. Ya ratsa ruwan, ya haye gaba, ya rufe ƙofa a hankali don kada fenti ya goge. Ya zauna ya miƙe baya, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, cikakken direban tanka mai makullin kansa, yana kallon jama'a ta gilashi yana ɗaga musu hannu. Yana nan a haka wayar ta sake ƙara.